Cirewa ko cetowa: Halin da masu ciwon haƙori ke ciki a kudancin Kaduna

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san dare yana da tsawo. Ciwo ne da ba ya jin lallashi. Yakan hana ci, ya hana barci, ya sa dattijo mai kamun kai ya yi ta zagaye tsakar gida dafe da kunci har a kira assalatu. Duk da wannan azaba, ƙofar likitan haƙori ita ce ta ƙarshe da yawancinmu ke ƙwanƙwasawa. Sai an gama da kanumfari da ruwan gishiri, an bi ta kemis sau biyu sau uku, an gwada abin da maƙwabciya ta ce ya yi wa ɗanta aiki, sannan idan kunci ya kumbura har ido ya soma rufewa a nemi asibiti. A lokacin kuwa abin da ya rage wa likita kaɗan ne. Zai cire haƙorin, majinyaci ya koma gida da giɓi, ya kuma ba da labari cewa can ba abin da suka iya sai cirewa. Mai sauraro ya ji, ya ƙudura a ransa cewa shi ba zai je ba sai ta ƙure masa. Haka abin ke ta maimaita kansa.

Ni ba likita ba ne. Malamin jami'a ne da ya daɗe zaune a kudancin kogin Kaduna, yana tsallaka gada zuwa wurin aiki. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin ɗalibai da maƙwabta da abokan aiki, da kuma abin da masana fannin suka tabbatar. Ra'ayina a taƙaice shi ne, muna auna likitan haƙori da ma'aunin da bai dace ba. Mukan yaba wa wanda ya cire da sauri ba a ji zafi ba. Kamata ya yi mu riƙa tambayar haƙora nawa aka ceto, kuma me aka gaya wa mai haƙorin kafin a taɓa shi.

Gari ya faɗaɗa, aljihu ya ƙuntata

Kudancin Kaduna gari ne da masana'antu suka haifa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, ta UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975. Dubban mutane daga kowane lungu na Arewa suka zo suka kafa iyali a Makera da Kakuri da Nasarawa da Barnawa, suna karɓar albashi a ƙarshen wata. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, mutanen ba su koma garuruwansu ba. Gari ma ƙara miƙewa ya yi zuwa Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Boro da Romi da Gonin Gora, sai dai yawancin magidanta sun koma neman na yau da na gobe. Mai irin wannan samu ba ya ware kuɗi don a duba masa haƙorin da bai soma ciwo ba.

A wannan ɓangare muna da Asibitin Gwamna Awan da asibitin gwamnati na Sabon Tasha da Asibitin St. Gerard na Kakuri. Amma manyan wuraren da ake tura wanda lamarinsa ya yi tsanani, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, duk suna tsallaken kogi ne, wani lokacin ma sai an dangana da Shika a Zariya. Asibitocin haƙori masu zaman kansu kuwa sun fi yawa a unguwannin masu hali da bakin manyan tituna. Ga mace mai sayar da kayan miya a Gonin Gora, zuwa ganin likitan haƙori na nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin kati, da asarar cinikin yini guda, tun ma ba a zo batun kuɗin aikin ba. Ba jahilci kaɗai ke sa ta jinkiri ba. Lissafi ta yi, lissafin kuma bai goyi bayan haƙorin ba.

Yadda haƙori ke mutuwa a hankali

Har yau akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a bakin kowa, waɗanda ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali. A matakin farko babu zafi ko kaɗan. Idan ramin ya ratsa ɓawon sai mutum ya riƙa jin tsam in ya sha ruwan sanyi ko ya ci abu mai zaƙi. A waɗannan matakai biyu ciko kawai ake buƙata, aikin da ba ya kai awa guda. Idan aka bar shi ya kai ga ɓargon haƙorin, inda jijiya take, shi ne ciwon da ke hana barci. Ko a nan ana iya ceton haƙorin ta hanyar cire jijiyar da ta ruɓe, a wanke gurbinta a cike, a sa masa hula. Sai dai wannan aiki yana buƙatar hoto da zuwa fiye da sau ɗaya, kuɗinsa kuma ya ninka na cirewa sau da yawa. Idan nan ma aka wuce, mugunya kan taru a gindin haƙorin, tana kuma iya gangarawa ƙarƙashin muƙamuƙi ta kumbura wuya har ta toshe hanyar numfashi. Mutane na mutuwa ta wannan hanya, a ce ai kumburi ne ya kashe su.

Akwai wani haƙori da ya kamata kowace uwa ta sani. Yaro na da haƙoran nono 20, babba na da 32. Wajen shekara shida, turmin farko na dindindin kan fito a can bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka shi ma na nono ne, idan ya yi rami sai su ce a bar shi, ai zai famfare wani ya fito. Ba wanda zai sake fitowa. Shi ya sa ake samun ɗalibin jami'a ɗan shekara ashirin ba shi da turmin da ya kamata ya yi ta tauna da shi har tsufa.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Bambancin ƙasa da ƙasa yana wajen matakin da ake tarar ciwon.

Abin da ke faruwa a kan kujera

Bari in kawo labarin mutum biyu. Na farko wani maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda aka cire wa turame huɗu cikin 'yan shekaru, kowanne a wani asibiti daban. Yanzu nama ya gagare shi, tuwo ma sai mai laushi. Da na tambaye shi ko an taɓa gaya masa cewa ana iya ceton wani daga cikinsu, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, dama ana ceton haƙori? Ni dai buɗe baki ake ce mini, sai in ga an miƙo mini shi a auduga." Mai yiwuwa ne duka huɗun sun riga sun wuce ceto. Mai yiwuwa kuma likitocin sun dubi rigarsa suka yanke masa hukuncin cewa ba zai iya biya ba. Ko ma wanne ne, an tauye masa haƙƙin ya ji, ya zaɓa.

Ta biyu wata ɗalibata ce da ta je da niyyar a cire mata haƙori ta huta, don jarrabawa ta ƙarato. Likitar da ta duba ta sai ta ba ta madubi, ta nuna mata ramin, ta ce, "Ƙanwata, wannan haƙorin bai mutu ba. In kin ce in cire zan cire, amma ga abin da zai biyo baya, ga kuma kuɗin kowane aiki." Ta yi mata ciko na wucin gadi, ta ba ta mako uku ta haɗa kuɗi. Haƙorin na nan a bakinta, kuma tun daga lokacin ta kai ƙannenta biyu an duba su. Da wuya a ce kayan aikin wannan likita sun fi na waɗanda suka duba maƙwabcina. Abin da ta ƙara shi ne minti biyar na bayani.

Ƙorafin da na fi ji daga majinyata bai wuce huɗu ba. Na farko shi ne shiru: a yi wa mutum aiki a baki ba a gaya masa abin da ake yi ba, ko a gaya masa da Turancin da ba ya kamawa. Na biyu shi ne farashin da ba a sani ba sai an kwanta a kujera, ko an soma aiki a ce sai an ƙara kaza. Na uku zafi ne. Gaskiya ne allurar kashe zafi ba ta cika kamawa a naman da ya kumbura ba, amma idan majinyaci ya ce yana ji, amsar da ta dace ita ce a dakata a ƙara, ba a ce masa raki ne da shi ba. Na huɗu shi ne sallama ba tare da umarni ba. Wanda aka cire wa haƙori ya kamata a gaya masa ya ciza auduga, kada ya kuskure baki ko ya yi ta tofi a ranar, sai washegari ya soma da ruwan ɗumi da gishiri. Idan ba a gaya masa ba, gudan jinin da ya toshe ramin kan fice, bayan kwana biyu ko uku ya shiga ciwon da ya fi na farko, ya kuma tafi yana cewa an ɓata masa aiki.

Duk waɗannan ba alfarma ba ce. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, wanda ya tanadi cewa a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake fahimta, a bayyana masa kuɗin da zai biya dalla-dalla, a duba shi a wuri mai tsabta, kuma yana da ikon kai ƙara. Mutum nawa ne a layin asibiti suka taɓa jin labarinsa?

Adalci ga likitoci

Ba zan ɗora laifin duka a kan likitoci ba. Na farko dai ba su da yawa. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a 1966, kuma shekaru da dama duk makarantun suna Kudu, kafin Maiduguri da Kano su sami nasu. Waɗanda aka yaye ɗin ma wasu na ficewa zuwa Ingila da ƙasashen Larabawa. Na biyu, aikin haƙori aiki ne na inji. Kujerar da abin huda haƙori da na'urar hoto duk suna buƙatar wutar lantarki, idan babu sai janareta. Kayan ciko da allurai daga waje ake shigo da su, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya tashi. Likitan gwamnati da ya zo da safe ya tarar da layi ya cika, babu wuta, babu kayan ciko, abin da ke hannunsa kawai shi ne abin cire haƙori. Shi zai yi amfani da shi.

Ba kuma a ce Kaduna ba ta san ƙwarewa a wannan fanni ba. Kafin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a Shika, sashensa na tiyatar baki da muƙamuƙi a Kaduna yake, kuma ayyukan da Farfesa Adekeye da abokan aikinsa suka yi a nan a kan ƙarin muƙamuƙi da cutar noma sun shiga mujallun likitanci na duniya tun shekarun 1970 da 1980. Ita noma, wadda Hausawa ke kira ciwon iska, ta nuna iyakar inda sakaci da baki ke kaiwa. Takan fara ne da ɗan gyambo a dasashin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida da ba ya samun abinci mai gina jiki, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa, alhali a farkonta wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disamban 2023, bisa jagorancin Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Kasuwar 'yan dagaji

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda likita ya yi nisa ko ya yi tsada, wani zai cike gurbin. Akwai masu yawo a tasha da kasuwa suna turara baki, su nuna wa mutum “tsutsar” da ta faɗo. Akwai masu ba da shawarar ɗiga ruwan batir ko danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, abin da ke ƙona nama ya bar ramin yadda yake. Akwai mai kemis da ke ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da aka zo, kumburi ya lafa na mako biyu ya dawo, har maganin ya daina aiki a jiki. Yanzu kuma an sami masu fere haƙori don yi wa 'yan mata wushirya, da masu ɗaura wayar ado a shago.

Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ba a gani. Duk ƙarfen da ya shiga bakin mutum ya taɓa jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a jikin ƙarfe ko da jinin ya bushe. Goge kaya da auduga da sifirit ba ya wadatarwa. Ƙa'ida ita ce a sa su a na'urar turara kayan aiki, mai zafin da ya kai digiri 121 zuwa sama. Mutum na iya zuwa a cire masa haƙori da araha, ya dawo da ciwon da zai bi shi har kabari.

Ya kamata kuma a san ba duk mai farar riga ne likita ba. Likitan haƙori yakan yi shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, yana kuma sabunta lasisinsa kowace shekara a hukumar MDCN. Akwai jami'in da aka horar don wankin haƙori da ƙananan ayyuka, akwai kuma wanda aikinsa ƙera haƙoran roba a ɗakin gwaji. Kowannensu na da mutuncinsa da hukumar da ke yi masa rajista. Ɓarna na zuwa ne idan wani ya tsallaka gonar da ba tasa ba.

Mafita

Abu na farko shi ne a kawo duba baki kusa da jama'a. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, an kuma daɗe da ɗaukar manufar samar da cibiyar lafiya a matakin farko a kowacce. Ba dole sai an sa kujera mai tsada a kowace cibiya ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanyar cike haƙori a Tanzaniya wadda ba ta buƙatar lantarki: a kankare ruɓar da ƙaramin ƙarfe na hannu, a liƙe da wani siminti na musamman. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magunguna, tare da man goge baki mai sinadarin fuloraid da wani ruwa da ake shafawa ya tsayar da ruɓa. Jami'i ɗaya mai horo da zai riƙa zagaya cibiyoyin Chikun da Kaduna ta Kudu da makarantun firamare zai ceci turamen yara masu yawa.

Na biyu shi ne kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar ma tana da hukumarta ta KADCHMA. Ina kira gare su da su tabbatar ciko da wankin haƙori na cikin abin da talaka zai samu cikin sauƙi, su kuma shelanta shi da Hausa da sauran harsunan jihar. Duk tsarin da ya sa cirewa ta fi cetowa sauƙin samu, giɓi zai yi ta haifarwa. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari. Ya dace a ga wani kaso nasa a bakin yaran da sukarin ke ci.

Na uku yana hannun masu asibitoci, kuma ba ya cin ko kwabo. A liƙa farashi a bango. A rataye lasisi inda kowa zai gani. A ba majinyaci takardar abin da zai yi in ya koma gida, da harshen da yake karantawa. Ma'aikatar lafiya kuma ta riƙa kai ziyarar ba-zata, ta duba na'urar turara kaya tana aiki ko ado ce.

Na huɗu namu ne. A goge baki sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, musamman kafin barci. Asuwaki gado ne mai kyau da addini ma ya kwaɗaitar a kansa, kuma yana cire datti idan an iya amfani da shi, sai a haɗa shi da man. Gawayi da toka kuwa kankare ɓawon haƙori suke yi. A rage yawan lokutan da ake ba yara alewa da lemo, don yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka sha a zama ɗaya illa. Dasashin da ke zubar da jini ba lafiyayye ba ne, balle ga mai ciwon suga, wanda ciwon dasashi ke dagula masa lissafi. Wankin haƙori ba ya sa haƙora girgiɗi. Dattin da ya daskare ne ya riga ya ci dasashin, wankin ya tona asiri kawai. Mai juna biyu ma ana duba ta, ta dai sanar da likita halin da take ciki.

Idan kuma ka kwanta a kujerar, kada kwarjinin farar riga ya hana ka tambaya. Likita, me ke damun haƙorin nan? Ana iya ceton sa? Nawa ne kuɗin kowane aiki? Kayan nan an turara su? Me zan yi in na koma gida? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, wanda kuma ya ji haushinsu ya riga ya ba ka amsa. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ake bikin ranar lafiyar baki ta duniya. Kafin ta zagayo, kowane magidanci ya sa 'ya'yansa su buɗe baki a hasken rana ya leƙa turamensu. In ya ga baƙin ɗigo, wannan ne lokacin zuwa, tun ciwon bai soma ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.